Shekarar da Na Wanke Randunan Iya

Bana ma samum ta zo da wuri. Iskar nan ce mai zafi wadda in ta taso sai ka ji kamar an buɗe maka bakin tanda a fuska. Tun da hantsi muke rufe tagogin gidanmu na unguwar Ranuna, mu kunna mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mu zauna kamar kaji a akurki har rana ta yi sanyi.

A irin wannan yinin ne Kabiru, mijin 'yata, ya zo gaishe ni. Mutumin Kano ne, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a nan Madina, kuma dawowarsa ke nan daga wani taro a Italiya. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya matso da wayarsa.

"Umma, ku ga ikon Allah. Nan Toskana ake ce masa. Tudu bayan tudu, duk inabi ne, an jera shi layi-layi. Kowane yanki da irin nasa, na arewa daban, na kudu daban. Amma fa yawancinsa ba ci ake yi ba, giya suke yi da shi. Har ɗakuna gare su a ƙarƙashin ƙasa cike da ganguna, wai wadda ta fi daɗewa ita ta fi daraja. Mu dai ta tagar mota muka gani, muka yi a'uzu billahi muka wuce."

Na ce Allah ya kyauta. Sai ya tuna ya sayo mini kwalin inabi tun da safe, ya manta shi a bayan mota. Jikata Maryam ta sauka ta ɗauko. Tana buɗe kwalin warin ya cika falon, warin inabin da ya fashe ya dahu a rana. Ban san lokacin da na miƙe na nufi taga zan rufe ba, alhali a rufe take.

"Ya Sitti, esh fiki?" in ji Maryam, wato Kaka, me ya same ki. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa, kamar sauran sa'o'inta.

Na ce mata ba komai. Ƙarya na yi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma hancina bai manta ba.

Ina da shekara goma sha tara na auri Usman, kuma ni na ce shi nake so. Ni 'yar cikin gari ce, a unguwar Sih aka haife ni. Mahaifina tela ne, ya sami takardar zama ɗan ƙasa tun kafin a haife ni, don haka mu 'yan ƙasa ne. Su Usman kuwa a wani bustan suke zaune kudu da Ƙuba, wato lambun dabino da inabi, inda yanzu ba ka ganin komai sai benaye da kwalta. Lambun na wani Balarabe ne, Shaikh Mansur. Surukina, Malam Isa, wanda nake kira Baba, shi ke kula da shi. Da shi da Iya matarsa da Usman duk da iƙama suke zaune, takardar izinin zama ta baƙo, kuma sunan Shaikh Mansur ne ke riƙe da ita. Ranar da ya janye sunansa, zamansu ya ƙare.

Baba da ƙafa ya zo daga wani ƙauye a ƙasar Gumel, yana saurayi, ya ratso Sudan yana noma yana tafiya. Burinsa ɗaya ne a duniya, kowa ya sani: ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. Likkafaninsa na ninke a cikin wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Jidda ma ba ya yarda ya je. Ko umara ya tafi Makka, sauri yake yi ya dawo, yana cewa kada mai aike ya zo bai same shi a gida ba. Usman kan tsokane shi ya ce, "Baba, ai mala'ikan mutuwa ya san hanyar Makka." Shi kuma ya ce, "Shi ne abin da nake tsoro."

Rayuwar lambu daban take da ta gari. Dabino a sama, inabi a ƙarƙashinsa an ɗora shi kan rumfuna, rijiya a tsakiya da injin da muke kira makina. Bayan sallar asuba Usman ya tayar da makina, ruwa ya bi ƙananan magudanai yana zagaya gindin itatuwa. Baba ya bi bayansa da fartanya yana buɗe nan yana toshe can. Iya kuma sarauniyar madafa ce. A bayan madafar akwai wata 'yar rumfa mai duhu, da randuna huɗu baƙaƙe a jere, kowace an rufe bakinta da tsumma da faifai. A ciki take yin khal, ruwan tsamin nan da muke zubawa a salak da sambusa. Khal ɗin Iya ya yi suna, har daga Uhudu mata ke aikowa a sam musu.

Ni kuwa amarya ce mai iyayi. Ina so a ce Usman ya yi dace, 'yar gari ce amma ba ta son jiki. A ƙarshen Sha'aban, ranar da Iya ta shiga gari gaisuwar rasuwa, na ɗaura zane na ce yau gidan nan sai ya san an yi mata. Na share, na goge, na fitar da tabarmi na kakkaɓe. Da na kai ga randunan na buɗe, sai na ga ɗan ragowar ruwa mai tsami a ƙasa, da wani abu mai yauƙi, mai kauri, kamar ganda da aka jiƙa, yana kwance a kansa. Na ce a raina, oh, tsufa ya kama Iya, ƙazanta har haka. Na kwashe shi duka na watsar a bayan katanga. Na dirje randunan da toka da soso, na shanya su a rana suka bushe ƙayau, na mayar na rufe yadda na same su. Na yi ta jiran a yaba, ba wanda ya ce komai, don ba wanda ya buɗe.

Azumi ya kama a tsakiyar zafi. Tun ranar uku ga wata samum ta taso, ba ta kwanta ba. Sama ta yi jawur kamar an shafa mata ƙasa. Kurciyoyi suka sauko gindin dabino suka buɗe baki, ko ka matso ba sa tashi. In ka taɓa marfin tukunyar da ke waje sai ya ƙona ka. Da azahar miyau yakan ƙafe a baki har harshe ya manne da dasashi. Muna jiƙa buhu mu rataya a ƙofa, kafin ka juya ya bushe.

Sai rijiya ta fara ja da baya. Da farko makina tana ba da ruwa har hantsi, sannan ta koma tana tari tana tofar da laka. Baba ya daɗe yana leƙen rijiyar. Da aka sha ruwa ya ce ɗan abin da ya rage dabino za a ba, don dabino in ya mutu sai jikoki su ga madadinsa, inabi kuwa a tsinke abin da za a iya tsinkewa. Kwana uku muna tsinka, daga asuba har rana ta kore mu, bakinmu da azumi, ruwan inabi na bin hannayenmu yana danƙo, ba halin lasa. Wanda ya yi kyau Usman ya kai kasuwa a kan jaki. Mafi yawa kuwa ya yamutse, wani ya fashe, ba mai saye.

A rana ta ukun ce Iya ta faɗi a ƙarƙashin rumfar inabi. Muka ɗauke ta muka kwantar a ɗaki, muka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen mayafi. Baba ya ce ta karya azumi, ta ce sai dai a karya ta. Da la'asar ta kira ni. Baba na zaune a bakin ƙofa yana gyaran kwando.

"Rabi, inabin nan da ya fashe kada a yi asararsa. Ki matse shi ki tace, ki zuba a randunan nan huɗu. Uwarsu na ciki, kada ki taɓa ta, a kanta za ki zuba."

Na ce, "Uwa, Iya?"

"Abin nan mai yauƙi da ke kwance a ƙasa. Ita ce uwar khal. Wurin uwar goyona na gaje ta, ta girmi mijinki. Ruwan inabi in ya tarar da uwa da tsohon khal, tsami yake yi kai tsaye. In bai tarar ba, sai ya bi ta wata hanya da ba a kiran sunanta a garin Manzo."

Magana ta zo har bakina. Amma wata huɗu kacal da kawo ni, ko abinci ban taɓa ci a gabansu ba, ko sunansu ban taɓa kamawa ba. Ta yaya zan buɗe baki a gaban Baba in ce na ɗauki gadon Iya na watsa wa kaji? Na sunkuyar da kai na ce, "To, Iya."

Na matse inabin ni kaɗai, na tace da ƙyalle, na cika randunan. Akwai rabin kwalbar khal a madafa, na raba ta huɗu na ɗiɗɗiga a ciki, ina ta bisimilla, ina ce wa kaina ai khal khal ne. Na rufe na fita.

Washegari ba abin da ya faru, har na fara samun natsuwa. Rana ta biyu na ɗaga faifai na ga kumfa ta taru a sama. Na mayar da sauri, kamar wadda ta ga maciji. Rina da ƙudaje suka fara zagaya rumfar. Usman ya ce me ya sa ba na cin abin kirki da buɗa-baki, na ce zafi ne.

Rana ta uku da hantsi, gidan ya yi tsit. Makina ta mutu gaba ɗaya, maza suna bakin rijiya. Ina tankaɗe a madafa sai na ji wani ƙaramin sauti daga bayan bango, ɓul, ɓul, ɓul, kamar tukunyar da ta fara tafasa, alhali ba wuta a ko'ina. Wani wari mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai, wanda ban taɓa ji ba, ya fara shigowa.

Iya ta yi kira daga ɗaki. "Rabi, me ke magana a bayan madafa?"

Na ce ban ji komai ba.

"Zo ki kama ni. Randar khal ba ta magana."

Ta dafa kafaɗata muka taka a hankali har rumfar. Ta cire faifan randar farko. Kumfa ta tumbatsa har ta jiƙa tsumman. Ta naɗe hannun rigarta ta tsoma hannu har kafaɗa, ta shafa gindin randar. Ta zaro hannun, ta dube ni. Ban taɓa jin tsawon kallo irin wannan ba, ko da yake bai wuce ƙiftawa uku ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Inna lillahi. Kira mini Malam."

Baba na zuwa ya toshe hanci da bakin rawaninsa. Ya ce a zubar yanzu-yanzu, kada ya ƙara minti ɗaya a gidansa. Shi da Usman suka mirgina randunan suka tuntsurar a magudanar bayan gida. A shekarar kirki da sai a tayar da makina, ruwa ya wanke komai kafin azahar. Amma ba ruwa. Ƙasa ta shanye ruwan ta bar warin. Suka yi ta zuba yashi, rana na dafa shi, warin na ƙara tashi. Samum kuma ta ɗauke shi ta haye katanga da shi, ta kai shi kan hanyar da mutane ke bi zuwa masallacin Ƙuba sallar la'asar. Hancin mai azumi kuwa ba abin da ke wuce shi. Ta ramin katanga na ga mutum biyu sun tsaya suna shaƙar iska, suna duban gidanmu.

Washegari kafin azahar motar Shaikh Mansur ta tsaya a ƙofar lambu. Tare da shi akwai mai lambun da ke maƙwabtaka da mu, fuskarsa a murtuke. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwar zaure. Ni ina bayan labule, taku uku tsakanina da su.

Shaikh Mansur ba mugun mutum ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Yana murza carbi ya fara magana. "Ya ammi Isa, baffana, wallahi shekara talatin ban taɓa ganin ka ci dabino ɗaya da ba naka ba. Amma magana ta fita. A cikin Ramadan, a Madina, a bustan ɗina. Maƙwabcina ya ce in ban ɗauki mataki ba shi zai kai gaba. In ta je gaba kuwa ka san abin da ke can: bulala, ɗauri, sannan a fitar da ku duka gidan. Ka faɗa mini, wa ya yi?"

Usman ya buɗe baki. Baba ya ɗora hannu a kan gwiwarsa.

"Ni ne, ya Shaikh. Khal na so in yi, tsufa ya sa na zuba a randar da ba uwa. Yaron nan yana bakin rijiya, bai sani ba. Mata kuma ba ruwansu."

Maƙwabcin ya ce wanda ya shekara talatin yana noman inabi ba ya irin wannan mantuwar. Baba ya ce, "Ga shi kuwa na yi."

Hannuna na kan labulen. Ni 'yar ƙasa ce, ba inda za a kore ni. Da na ɗaga shi na ce ni ce, amarya 'yar gari da ba ta san uwar khal ba, ta wanke randuna garin neman suna, wataƙila maƙwabcin ya yi tsaki, wataƙila ma Shaikh Mansur ya yi dariya ya ce ma'alesh, ba komai. Na sha lissafa wannan a raina. Kuma ba wanda ya riƙe ni. Iya na kwance a ɗaki, ba ta ma ganina. Kunya ce kawai, da tsoron idon Usman. Na saki labulen.

Aka yi sulhu a kan tabarmar. Magana ba za ta je gaba ba, Usman zai ci gaba da kula da lambu, amma Shaikh Mansur zai janye sunansa daga takardar Baba. Aka ba shi zuwa bayan aikin Hajji ya haɗa kayansa ya koma ƙasarsu. Baba ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Na gode da sutura." Da suka tafi ya shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatin ƙarfen nan ana jawo shi daga ƙarƙashin gado.

Wata ukun da suka rage kullum sai ya tafi Haram, wato Masallacin Annabi, da ƙafa, ya yi salla, ya zauna a jikin katangar Baƙi'a har rana ta faɗi. Ina jin addu'a yake yi mai aike ya zo kafin wa'adi. Bai zo ba. Ko ciwon kai Baba bai yi ba. Ruwa kuma ya dawo rijiya, makina ta tashi kamar ba ita ba.

Ana jibi za su tafi, don Iya ma bin Baba za ta yi, ta kira ni rumfar nan. Ta roƙo uwar khal a wajen wata ƙawarta ta sa a randa ɗaya.

"Wannan taki ce. Ba a wanke ta."

Na fashe da kuka na durƙusa. Na ce, "Iya, ni ce..."

"Na sani. Tun da hannuna ya taɓa gindin randar na ji shi sumul kamar faranti. Malam ma ya sani, a ranar na gaya masa. Shi ya ce kada Usman ya ji, aure sabo ba ya ɗaukar irin wannan kaya." Ta share mini fuska da gefen mayafinta. "Laifina ne ni ma. Ranar da aka kawo ki ya kamata in nuna miki, na ji nauyin in fara yi wa amarya dokoki. Kunyar da ta rufe miki baki ita ta fara rufe nawa."

Ranar tafiya muka raka su tashar motar Jidda. Baba ya rungume akwatin ƙarfensa a cinya, ya ƙi yarda a ɗora shi sama da sauran kaya. Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar.

"Rabi, 'yata. Zan ba ki saƙo. In kin je Haram, ki tsaya a katangar Baƙi'a ki yi wa waɗanda ke kwance a ciki sallama. Ki ce Isa na gaishe su, hanya ce ta yi masa tsawo."

Damina biyu ya yi a ƙauyensu ya rasu. A can aka binne shi, a cikin likkafanin da ya tanada don Madina, tsakanin mutanen da yawancinsu ba su san shi ba. Iya ta bi shi bayan shekara.

Maryam ta ɗauke kwalin inabin za ta kai shara. Na ce ta kawo mini madafa, wanda ya fashe ba a asararsa. Randar na nan a lungun kabad, kowa a gidan ya san ba a taɓa ta, ba wanda ya san dalili. Kabiru ya biyo ni har ƙofar madafa yana cewa, "Umma, wata rana sai na kai ku ku ga gonakin nan da idonku." Na ce masa ya bar ni, ni ko Jidda ba na son zuwa yanzu.

Usman ya rasu shekara shida da suka wuce. Yana cikin Baƙi'a. Mun yi shekara talatin da 'yan kai tare, bai taɓa daina cewa yana mamakin yadda Baba ya yi irin wannan mantuwar ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki ba. Mata ba sa shiga maƙabartar, don haka kowace Juma'a a jikin katanga nake tsayawa, in leƙa ta tsakanin ƙarafa. Nakan fara da saƙon Baba, kalma bayan kalma yadda ya ba ni. Sannan in kira sunan Usman, in ce masa ni ce na wanke randunan.